Foldar Yaya Bukar da Aka Goge a Shagonka

Zuwa ga Alhaji, mai shagon ɗora wasanni da gyaran kwamfuta da ke layin 'yan waya, Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Sunana Modu, ina koyar da lissafi a wata firamare a Itas, gidanmu kuma nan Azare ne tun da kakanmu ya taso daga Borno. Sau uku ina zuwa shagonka ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a fili. Ba faɗa ne ya kawo ni ba. Ko na so yi, babu ƙarfinsa a jikina.

Yayana Bukar ya rasu bara da damina. Ya bar tsohuwar kwamfuta, a cikinta akwai wasan ƙwallo da ya shekara uku yana yi wa ƙari, irin wanda kuke kira faci. Ya saka 'yan ƙwallon unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, da fuskokinsu da jesinsu, har da filinmu mai gangara. Shi ma yana ciki a matsayin gola, da tumbinsa, don bai yi wa kansa kara ba. Facin guda goma sha huɗu ne, kuma sai an ɗora su bi da bi yadda ya tsara, in an saɓa wasan ba ya buɗewa. Kowane faci yana da takardar bayaninsa mai nuna gurbinsa a jerin, takardun duk a folda ɗaya. Wannan foldar ce aka goge a shagonka.

Na ɗaya. Laraba biyu da suka wuce na kawo kwamfutar, bayan ta daɗe tana kukan wuri ya cika, daga baya ta ƙi tashi. Injiniyanka ya ce sai an sake mata manhaja. Na yarda, na roƙe shi kada ya taɓa kayan wasan. Ya bar facin sha huɗun cif, ya goge takardunsu, ga shi kuma bayan sake manhaja sai an ɗora facin daga farko.

Na biyu. Da na koma, ya shaida mini haka kuke yi wa kowa: takardun da ke biyo faci cin wuri kawai suke, ba mai karanta su. Da gaskiyarsa, ni ma ban taɓa karanta na Turawa ba. Amma waɗannan da Hausa suke, kuma duk ka haɗa su ba su kai nauyin hoton biki guda ba. A gefensu akwai kwafi na biyu na wasan kansa, giga tara, wanda ba a buƙata. Shi ya bari.

Na uku. Da ya ga wuri ya samu, sai ya ɗora mini wasan tseren motoci a matsayin gyara. Ban tambaya ba. Wani abokin Yaya Bukar da ya san harkar ya duba, ya ce da ba a ɗora komai a kai ba, da wataƙila an ceto takardun. Na san gyara a kasuwar tumatir, mai sayarwa ya ƙara maka biyu ka yi godiya. Nan ma godiyar na yi kafin in gane abin da aka ba ni.

Na huɗu. Biyu kawai na karanta a cikin takardun. Yadda yake magana haka yake rubutu. A ta farko ya ce in Modu ne ke karantawa, ya fara wanke man ƙosan da ke hannunsa. Na rufe kwamfutar ranar, na yi wata guda ban buɗe ba. Sauran sha biyun ajiye su nake, ina cewa sai na ƙara ƙarfi. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Yanzu in an tashi makaranta ina zama in jera facin, in rubuta jerin a bayan littafin darasi, in kunna. Allon ya yi baƙi, in soke, in sake wani. Na san lissafi, na san hanyoyin jera abu sha huɗu sun fi kwanakin da suka rage mini a duniya nesa ba kusa ba. Ba na kuka, ba na jin haushi. Jerawa kawai nake yi.

Ga roƙona, Alhaji:

A duba filas ɗin injiniyan da kwamfutar shago, ko Allah ya sa wani kwafi ya maƙale.

A kafa doka cewa ba a goge fayil sai an buɗe shi an gani, kuma ba a ɗora gyara sai an tambayi mai kaya.

Kada a kori injiniyan. Magidanci ne, kuma abin da aka koya masa ya yi.

Na ƙarshe shi ya fi mini nauyi. Mahaifiyarmu ta saba duk Juma'a bayan an sauko masallaci in kunna mata wasan, ta jawo tabarma ta zauna, ta kalli ɗanta a tsaye bakin raga. Ba ta san dokar ƙwallo ba, shi kaɗai take kallo. Na ce mata kwamfutar tana wajen gyara. Ta san shagonka, kuma jiya na ji tana neman mayafinta. In ta zo, don Allah a ba ta kujera, a ce mata ba a gama ba.

Allah ya albarkaci kasuwarka, ya tsare maka abin da ka ajiye, ya jiƙan magabatanka da namu.

Wassalam.

Modu, ƙanin Bukar,
Azare.