Madugu Mai Kunnen Kwali

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wasan Tarihi na Yaran Makaranta, mai kula da Salaga da Yendi da Bawku.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da dukan 'yan kwamiti, na ɗauki biro ne domin in yaba maka, Ranka ya daɗe. Tun zamanin kalabule, lokacin ɓoye kaya da cuwa-cuwa, nake zaune kan huhun goro a kasuwar Yendi. Na ga an sayar da gwangwanin madara cike da ruwan alli, na ga an sayar wa mutum akuyarsa, amma ban taɓa ganin gwanin da ya mai da mutum jaki da rana tsaka, har aka ba shi lambar yabo ba, sai kai. Allah ya ƙara basira.

Ni ce uwar Sulemana, ɗana na biyu, ɗan aji biyar, wanda ya fito a wasanku na Salaga mai nuna yadda ayarin fatake ke zuwa Gwanja sayen goro. Ga abin da ke tafe da ni.

Na farko. Ranar da aka raba wa yara matsayi, yaron nan ya shigo gida da gudu, ko takalmi bai cire ba, yana cewa an ba shi madugu. Surukina, wanda duk Zango, unguwarmu ta Hausawa, ke kira Baba, yana zaure yana karantar da yara. Sai da ya sa aka maimaita masa. Ka sani, Ranka ya daɗe, kakan Baba madugu ne na gaske, uban tafiya, wanda ayari ba ya tashi sai ya ce a tashi. Ka kuma sani, Baba bai taɓa son boko ba. Shekara guda na yi ina durƙuso, ina aika masa farin goro, kafin ya bar mini yaron nan ya shiga makarantarku. To, ran nan Baba ya buɗe adakar da ko mijina bai taɓa leƙa cikinta ba, ya fito da rawanin kakansa da riga saƙi, ya ce ashe 'yan boko ma sun san mutane.

Mun tambayi yaron me zai faɗa a wasan. Ya ce malaminsu, Masta Yakubu, ya ce ba shi da magana, shi dai ya yi gaba kowa na binsa, in an ɗaga masa hannu ya yi ihu sau ɗaya da ƙarfi. Baba ya ce daidai ne, madugu ba ya surutu. Kullum bayan la'asar yana koya masa kiran tashi: "A ɗaura kaya!" Har kajin gidanmu sun haddace.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙa. Zango guda muka cika lori, muka bi ta Bimbila, da tukwanen wake da shinkafa, da mai hoto, da Baba a gaba kusa da direba. An zaga da yara rijiyoyin Salaga, an nuna musu tsohuwar kasuwa, wannan kam madalla. Aka buga ganga, ayari ya fito daga bayan aji. Na miƙe, na cika baki da guɗa. Sai ga ɗana da rarrafe. Rawanin na kansa, rigar saƙin na jan ƙasa, an ɗaura masa kunnuwan kwali biyu a kan rawanin, kowanne ya kai zira'i. Ga wutsiyar igiya, ga kwando a gadon baya, ga allo a wuya an rubuta MADUGU da manyan baƙaƙe, kada wani ya yi shakka.

Nan take na katse guɗar. Larai mai ƙosai, wadda muka yi shekaru ba ma shiri, ta taɓo ni ta ce, "Adisa, ashe haka kakannin naku suka zo Gwanja? Sannunsu da gwiwa!"

Da aka ɗaga masa hannu don ya yi kukan jaki, yaro ya tuna tarbiyya. Ya miƙe tsaye, kunnuwa na rawa, ya dubi rumfa guda ta manyan baƙi ya daka tsawa: "A ɗaura kaya!" Filin ya kife da dariya. Direbanmu ya faɗo daga kan benci. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na tura bakin gyale cikin bakina, hawaye na zuba, ban san na dariya ne ko na takaici ba. Kai kuwa na hango ka kana tafi, alƙalanku suka ba wasan na ɗaya, wai ba su taɓa ganin jaki mai magana ba. Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya tashi, ya je ya zare rawaninsa daga ƙarƙashin kunnuwan, ya naɗe, ya koma cikin lori ya zauna.

Na uku. Na tare Masta Yakubu, bawan Allah yana ta share gumi. Ya ce shi ma sai a Salaga ya ga kunnuwan, daga ofishinka aka kawo su. Wai ka ga zane a wani littafi, an rubuta a ƙasa cewa madugu ke jan ayari, ka duba gaban ayarin ka ga jaki, shi ke nan ka gane. Ranka ya daɗe, Hausarka ta ciniki ba ta da laifi, na ji ka kana taya doya. Amma matambayi ba ya ɓata. Daga ofishinka zuwa rumfata ba a ko hawa keke, kuma ba na karɓar ladan fassara.

Yanzu yaron nan ba ya iya zuwa famfo. Yara na binsa da hannuwa a kai suna kaɗawa. Wannan zai wuce, yaro ne. Wanda ba zai wuce ba shi ne hukuncin Baba. Mun ji za ku kai wasan Bawku a zagayen ƙarshe. Baba ya ce in jikansa ya sake dafa ƙasa da hannu a gaban jama'a, ya gama boko, zai tura shi garin Garu wurin kawunsa ya koyi awon hatsi. Baba kuwa ba ya magana biyu. Yaron nan shi ke karanta wa rabin Zango wasiƙunsu, cewa yake likita zai zama. Ban yi durƙuson shekara don kunnen kwali ya cinye mini shi ba.

Saboda haka ina roƙo. A ta da madugu tsaye a kan ƙafa biyu, a ba shi kiransa. In jaki kuke so, Bawku za ku, garin da jaki ya fi keke yawa, za a ba ku aron na gaske, ya kuma fi ɗana iya kukan. A faɗa a lasifika cewa kuskure aka yi a Salaga, don a Bawku har kurma na jin Hausa. Sannan ka tako zauren Baba ka gaishe shi, ko rawanin ya sake fitowa. Goron gaisuwar ni zan bayar, daushe mai kyau, ba sai ka taya ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara girma, ya raya maka naka 'ya'yan a kan ƙafafunsu.

Wassalam.

Adisa mai goro, Zangon Yendi.

Af, na kusa mantawa. An ce ranar tafiya Bawku farar motarka ce za ta shiga gaba, lorin yara na biye. Yaran suna ta tambayata, ni kuma na ce sai na ji daga bakin masani: in mun isa, da wane suna za su gaishe ka?