Zanin Gadon Maijego

Wulari, Maiduguri, 1984

Salamu alaikum, Yaya Ilu. Ka gafarce ni, na dame ka. Ya jikin Inna? Ni lafiya lau, sai dai aikin wanki a asibitin nan ya fara ba ni ƙyama.

Matse zanin gado sai mutum biyu. Tun da abokan aikina Aisa da Yagana suka ɓata kan shugabancin masu wanki muka rabu gida biyu, ba mai kama wa wata. Jiya na ce, "Yagana, kama min don Allah." Ta ce, "Kira uwar ɗakinki Aisa." Haka aka shimfiɗa wa maijego zani da danshi, yana wari.

Tambayar min Malam, tunda ba ma yin aikin yadda ya kamata, albashin nan halal ne? In ba halal ba ne, gida zan dawo. Don Allah ka amsa da wuri.

Ƙanwarka,
Kulu