Awarar da Na Ƙi Ci a Hannunki

Zuwa ga Malama Ramatu,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa, Ya yalwata miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunki ba. Shekara talatin na yi ina aikin jarida, kuma abu na farko da aka koya mana shi ne kada mutum ya rubuta layi ɗaya sai ya san wanda zai karanta. Yau na san babu mai karantawa. Duk da haka zan rubuta, don akwai labarin da ke ce kika fi kowa cancantar ji.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Damina ta yi kyau a nan Mafara. 'Yar gonarmu ta Bakura ta yi shinkafa, ko da yake tsuntsaye sun ɗebi rabonsu. Ƙanenki Sani har yanzu yana Maradun da iyalinsa, bai koma Dosara da kwana ba, sai dai ya je gona da safe ya dawo kafin la'asar in hanya ta yi lafiya. Zogalen da kika dasa a bayan madafa ya wuce katanga. Jar akuyarki ta haifi biyu.

Babban labarin kuwa shi ne na faɗi. Wata biyu da suka wuce, ina alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannuna na hagu, bakina ya karkace. Kwana biyar na yi a asibiti. Hannun ya dawo, bakin ya miƙe, sai ɗan nauyi da nake ji a yatsu biyu. Likita bai ɓoye mini komai ba. Ya ce hawan jinin nan da kika yi shekara shida kina faɗa da shi ne ya yi mini gargaɗi, kuma in ban bar gishiri da maiƙo da jan nama ba, na gaba ba lalle ya zo da sauƙi haka ba.

Kin san yadda aka yi na kai nan? Tun ranar da aka share makokinki, Yaya Hajara ta ɗauki nauyin cikina. Kullum rana da dare kwanonta yana shigowa gidan nan. Kin san girkinta: man ja yana iyo a kan miya, dunƙule uku a tukunya ɗaya, nama kamar ana suna. Na san ba abincina ba ne. Amma ta yaya zan mayar wa babbar yayata da kwano, ita da ta goye ni? Sai na riƙa ci don kunya. Wata biyar ina ci, ina haɗiye ƙwayoyin magani a kai kamar za su wanke shi.

Da aka sallamo ni sai abin ya ƙaru. A wurin Yaya Hajara, marar lafiya farfesu yake so. Ran farko kan rago, ran biyu kayan ciki, ran uku ƙafar saniya, wai in mayar da jinin da na rasa. Na yi mata bayani cewa jinin bai ragu ba, ƙarfi ya yi masa yawa. Ta ce likitocin yanzu yunwa suke rubuta wa mutane a takarda.

'Yarmu Nafisa kuwa ta baro Sakkwato tun ranar da na faɗi, ta ajiye karatun jinyarta saura wata huɗu ta yi jarrabawar ƙarshe. Ita ta san abin da likita yake nufi fiye da ni. Ta karɓe madafa, ta riƙa karkatar da kwanon gwaggonta zuwa maƙwabta a ɓoye. Wata safiya na tarar da takarda a kan teburina, ta rubuta wa makaranta tana neman a ɗage mata karatu shekara guda don ta kula da mahaifinta. So take in duba mata kurakurai kafin ta aika. Ban sami kuskure ko ɗaya ba, Malama. Na ninke takardar na sa a aljihu, na ce ta ba ni mako uku.

Yaya Hajara ta goyi bayanta. Ta ce abu biyu ne: ko ɗiya ta zauna ta yi wa ubanta girki, ko a nemo mini mata kafin azumi. Ni kuma na ga na uku, wanda babu wanda ya kawo shi a cikinsu. Ke kika sayar da awakinki kika saya wa yarinyar nan littattafan shekarar farko. Ba zan zama dalilin da za ta zauna gida ba.

A nan ne zan faɗa miki abin da ban faɗa ba kina da rai. Kin tuna lokacin da aka fara gano ciwon nan, kika daina soya awara kika koma gasawa saboda ni? Kika riƙa sa ta a miya a madadin nama? Na kira ta abincin asibiti. Na ce ƙwai-da-ƙwai na 'yan makaranta ne, ba na magidanci ba. Nakan ɗauki yanka ɗaya don kada ki yi magana, in ture sauran, bayan la'asar in bi ta tasha in ci tsire. Na ɗauka ba ki sani ba. Sai bayan rasuwarki Nafisa ta gaya mini cewa kullum kina ganin maiƙon a bakin hannun rigata in za ki yi wanki, kuma kin hana ta yi mini magana. Me ya sa kika yi shiru? Ko kin san in kika yi magana zan kawo miki hujjoji goma, kamar yadda na saba? Na sha rubuta shafin kiwon lafiya ina ba mutanen da ban sani ba shawara, amma wadda ke tsugune gaban garwashi saboda ni ban taɓa ce mata sannu ba. Ki yafe mini.

Na yanke shawara zan koyi awarar nan, in ciyar da kaina da ita. Sani ya aiko mini da waken suya daga abin da ya noma. Na karanta duk abin da na samu a waya, na jiƙa, na kai markaɗe, na tace, na tafasa, na matsa lemun tsami, na yi ta juyawa da muciya da ƙarfina kamar mai tuƙa tuwo. Abin da ya fito bai yi kama da komai ba, wani farin ruwa mai gari-gari. Akuyarki ma sai da ta shinshina sau biyu.

Da na ga karatu bai isa ba, sai na koma aikina na da. Na ɗauki littafi da biro na hau mota zuwa Bakura, wurin Inna Kulu, wadda take sayar da awara a ƙofar firamaren da kika fara koyarwa, wadda kika ce ita ta koya miki. Ta tsufa, amma bakin nan yana nan. Da ta ji abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira surukarta ta zo ta ga mai jarida zai ɗauki labarin waken suya. Daga baya ta tuna ke, ta yi hawaye, ta ce in buɗe littafin. Ta ce a bar lemo, a nemi ruwan tsamin da ake tsiyayewa daga kan kamu in ya kwana biyu. Ta ce in madarar ta tafaso a rage wuta, a zuba ruwan tsamin kaɗan-kaɗan ta gefen tukunya, sannan a cire hannu. Ta maimaita wannan sau uku, ta ce matsalar maza ke nan, ba su iya barin abu ya yi da kansa. Na tambaye ta ludayi nawa. Ta ce ita ba ta taɓa ƙirgawa ba, in ruwan ya koma garai kamar shayin da ba madara, to ya isa. Game da gashi kuwa ta ce ba ta sani ba, ita mai take sa, wannan dabarar Malama ce ita kaɗai.

Saboda haka gashin sai da na tono shi daga abin da idona ya gani shekara shida ban kula ba. Na tuna tsohuwar tukunyar da kike gasa kek ɗin salla, da yashi a ƙasanta, da farantin ƙarfe a kan yashin, da garwashi a bisa murfi. Na yi haka. Karo na farko ta dahu ne kawai, ta yi laushi kamar soso. Na biyu ma haka. Ina zaune a tsakar gida ina duban dutsen niƙan da ba a amfani da shi, sai na tuna kina ɗora shi a kan ƙullin awara kafin azahar, ba ki ɗagawa sai an idar da la'asar. Na taɓa tambayarki ko kin manta da shi ne. Ashe wadda za a soya ba ta damu da sauran ruwa ba, mai zai kore shi, amma wadda za a gasa sai an matse ta ta yi tauri. Da na yi haka, na yanka ta siriri, na shafa mata man gyaɗa cokali ɗaya da citta da tafarnuwa da garin ƙuli marar gishiri, na juya ta sau ɗaya a tsakiyar gashi, sai ta fito ja, bayanta da ƙarfi, cikinta da taushi. Ƙamshin ya fito da Nafisa daga ɗaki. Ta leƙa tukunyar, ta koma ta rufe ƙofa. Ni ma na daɗe a tsugune kafin in iya ɗanɗanawa.

Daga ranar na hana ta shiga madafa. Na ce ta zauna ta yi kallo, ta auna jinina safe da yamma ta rubuta da hannunta. Yanzu ina sa awarar a miyar kuka da daddawa mai yawa, don daddawa tana rufe rashin gishiri. Ina yayyanka ta a kwaɗon zogale da tumatir da albasa. Ina sa ta a faten wake da alayyafo, da kan dambun shinkafa. Dusar da ta rage a tata ina raba ta da akuya, rabi nata, rabi a cikin garin tuwo. Ba zan ce miki ta fi tsire daɗi ba, kin san ba na rubuta abin da ban tabbatar ba. Amma tana ƙosar da ni, kuma awon ya riƙa sauka a hankali. Likita ya duba littafin Nafisa ya ce in ci gaba da abin da nake yi, kada kuma in yi wasa da magani.

Saura Yaya Hajara. Na yi kwanaki ina neman kalmomin da zan ce mata ta daina, ban samu ba. Sai na tuna ke ba ki taɓa mayar wa mace kwanonta fanko ba, ko gyaɗa ce sai kin zuba. Ranar Laraba, da farfesunta ya iso, na juye na aika wa maƙwabta da sanin kowa, na wanke kwanon, na cika shi da gasasshiyar awara, na ɗauka da kaina na bi layi da shi. Mutanen majalisar ƙofar masallaci sun bi ni da ido, ɗaya ya tambaya ko an fara talla ne. Na ce ƙwarai, amma yau an saye.

Na ajiye mata na ce ni na yi. Ta buɗe, ta rufe, ta ce na gama tozarta ta a garin nan, tsoho da furfura ya tsuguna gaban murhu kamar wanda danginsa suka ƙare. Ta ce da Innarmu tana da rai da ta ɗebe ni da mari. Na bar ta ta gama. Sannan na gaya mata abin da likita ya ce, ba ragi, na nuna mata yatsun nan biyu da ba su gama dawowa ba, na ce in ta ci gaba da ciyar da ni yadda take yi, ita za ta zauna karɓar gaisuwata, Nafisa kuma ta rasa uwa da uba da karatu a shekara ɗaya. Ban taɓa yi mata magana haka ba tun da aka haife ni. Ta sake buɗe kwanon. Ta ɗauki yanka ɗaya ta ci, ta ce ba gishiri, ba mai, ba albarkar komai. Ta ɗauki na biyu.

Ta ce kwanonta ba zai daina shiga gidana ba muddin tana numfashi, in na ga dama in kai ta kotu. Washegari ya iso kamar kullum. Da na buɗe, ɗanyen alayyafo ne da tumatir da ƙullin daddawa, ga kuma gora cike da ruwan tsamin kamunta.

Yau da safe na raka Nafisa tasha. Na mayar mata da takardarta, ta yaga da kanta. Ta yi ta jaddada mini lokutan magani har mota ta cika, ta ce za ta riƙa kira kullum ta ji abin da na ci, in kuwa ta ji ƙarya a muryata za ta dawo. Masu tsire suna hura wuta a inda suke tun da. Na gaishe su na wuce.

Malama, ajali na Allah ne, kuma ranar da Ya kira ni ba zan ƙara minti ba. Amma ba zan taya shi da hannuna ba. Ina so in ga yarinyar nan cikin fararen kayan ma'aikatan jinya, in tsaya mata a duk inda ya kamata mu tsaya mu biyu. Saboda haka ki yi haƙuri, ba zan yi gaggawar zuwa ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya sada mu a inda babu rabuwa. Ki huta lafiya.

Mijinki, wanda ya makara da godiya,
Bello
Talata Mafara