Ƙusoshi Ɗari da Arba'in a Fiffiken Hagu

Zuwa ga Anti Verna,

Don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na daɗe ina karanta wannan fili naki a jaridar gundumarmu, ina yi wa masu rubuto miki dariya a raina, wai me zai sa ƙato da furfurarsa ya kai kukansa jarida. To ga ni yau. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko suna kwandon shara.

Shekaruna sittin da huɗu. Na yi shekara talatin da ɗaya a rumbun masara na ƙungiyar manoma, na ajiye aiki a watan Afrilu. A garejina akwai rabin jirgin sama, mai kujera biyu, irin wanda ake sayo sassansa a akwatunan katako mutum ya harhaɗa da hannunsa. Shekara goma sha uku ke nan da babbar mota ta sauke min su. Marlys matata ta fito ta riƙe ƙugu ta ce, “To Maigida, ita motata a ina za ta riƙa kwana?” Tun ranar a waje take kwana, ƙanƙara ta rufe ta, kuma Marlys ba ta taɓa bari na manta ba.

Ki yi haƙuri in ɗan yi bayani, don a nan matsalar take. Jikin jirgin na alminiyam ne, da ƙusoshin ribiti ake ɗinke shi, dubu goma sha wani abu. Da yawansu mutum ɗaya ba ya iya buga su. Ni ina waje da bindigar iska, wani ya zura hannu ta ciki ya tokare bakin ƙusar da guntun ƙarfe mai nauyi har ta baje ta kama. Na waje ba ya ganin abin da ke faruwa a ciki, ga ƙara, kowa ya toshe kunne. Sai dai a yi magana da ƙwanƙwasa. In mai tokara ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, a ƙara bugu. In sau biyu, ta yi, a wuce gaba. Marlys ce mai tokare min. Shekara biyar muna yi, kowace Asabar, wani lokacin da Lahadi bayan an taso daga coci. Hannunta siriri ne, yana shiga inda nawa ba ya shiga, kuma ba ta da sassauci. Sai ta sa ni maimaita ƙusa ɗaya sau uku, in na yi tsaki ta leƙo ta ce, “Tsoho, ni zan zauna a kujerar dama, ba na son in sauka kafin jirgin ya sauka.” Ita ce kuma mai rubuta littafin aiki, wanda za a nuna wa jami'in da zai duba jirgin a ƙarshe, kowace rana da abin da aka yi da hotonsa.

Shekara takwas da suka wuce, washegarin ranar da muka rufe ƙasan fiffiken hagu, ta ce ta gaji da jirgina. Haka ta faɗa, jirgina, alhali da jirginmu take cewa. Na ji haushi ƙwarai. Na ja tampol na rufe komai, na ce in ba ta so ni ma na fasa, ina jiran ta lallashe ni. Ba ta lallashe ni ba. Bayan shekara ɗaya da rabi likita ya ce tana da ciwon nan na karkarwa, Parkinson. Daga nan muka shiga zaryar asibiti, jirgi ya zama wurin ajiye kwalayen kayan Kirsimeti. Wallahi Anti, ban taɓa haɗa barin aikin nan nata da ciwon a kaina ba, duk da a shafukan ƙarshe na littafin rubutunta ya ƙanƙance kamar tururuwa, har da wasu jajayen ɗigo da ta yi a gefen layuka, waɗanda har yau ban san na mene ne ba.

Da na yi ritaya, ita ce ta tayar da maganar. Muna cin fanke a taron karin kumallo da ƙungiyarmu ta matuƙan ƙananan jirage ke yi a filin jirgi, sai ta ce, “Ka yaye tampol ɗin nan. Ina so in ga gonar iyayena daga sama a cikin abin da muka ƙera, tun ina iya ɗaga ƙafa in hau.” Har ta ce in sa dala dubu goma sha tara da ta gada daga mahaifiyarta a kuɗin inji. Murna kamar ta kashe ni.

Na kira Delmar, tsohon makanike ne da ya ƙera jirage biyu, shi ke duba wa 'yan ƙungiya aikinsu kyauta, ladansa kofi. Ya zura tocila da ɗan madubi a fiffiken dama ya ce aiki ya yi kyau. Ya koma na hagu, ya daɗe, ya fito yana dariya ya ce, “Mutumina, wa ya tokare maka layukan ƙarshen nan? Da ƙafa ya riƙe ƙarfen?” Sai ya tuna wa ke tokare min, ya kama goge madubinsa. Mun ƙirga tare, ɗari da arba'in. Wasu sun karkace, wasu ko bajewa ba su yi ba. Kowace ɗaya a cikinsu Marlys ta ƙwanƙwasa min sau biyu a kanta. Delmar ya ce sai an huda su an cire ɗaya bayan ɗaya an sake, in ba haka ba ko jikarsa ba zai bari ta tsaya a inuwar jirgin ba.

Wata biyu ke nan ban gaya mata ba. Ta yaya zan ce mata aikinta na ƙarshe da hannunta shi ne ya lalace? Abin da take alfahari da shi ke nan. Duk baƙon da ya zo sai ta kai shi gareji ta ce, “Duk ƙusar da ka gani, ni ce a bayanta.”

Na yi tunanin mu gyara a ɓoye ni da Delmar ranar Talata in ta tafi asibiti gashin jiki, amma ƙofar garejin a kicin take, kuma sababbin ƙusoshi ba sa ɓoyuwa ga wadda ta san tsofaffin. Sai na ce bari in sayo sabon fiffike gaba ɗaya, dala dubu tara, in ce tsatsa ce ta ci wancan. Na zauna na tsara kasafi. Ajiyarmu dubu sittin da ɗaya ce. Inji na hannu da aka sabunta dubu ashirin da bakwai, farfela dubu huɗu, na'urorin gaban matuƙi dubu goma sha biyu in na danne zuciyata, ga inshora, ga hayar rumfa a filin jirgi. Sannan banɗakinmu yana bukatar a sake shi saboda ita, kwanon gida kuma ya fara yoyo ta wajen bututun hayaƙi. Sau huɗu na yi lissafin, amsa huɗu na samu. Dubu taran nan na rubuta su da sunan “sauran tarkace”. Na manta matar da na aura ta yi shekara ashirin tana riƙe asusun makaranta. Ta ɗora yatsa a kai, yatsan yana rawa, ta ce, “Wane irin tarkace ne wannan, na zinariya?” Na ce zan duba. Ta ce, “Delmar ya leƙa na hagun kuwa?” Na ce bai kai can ba tukuna. Sau uku ke nan tana yi min wannan tambayar.

'Yarmu Renae ta ce in sayar kawai, wani daga jihar Iowa ya taya dubu goma sha huɗu. Ta ce, “Baba, Mama banɗaki take bukata, ba fiffike ba.” Wata rana ina ganin gaskiyarta, in sayar in ce kuɗi ne ba su kai ba, asiri ya rufu. Washegari in ga Marlys tsaye a ƙofar gareji da kofinta tana kallon jirgin, sai in rasa inda zan sa kaina. Ga lasisina na tuƙin jirgi ma, shekara tara ban tashi ba, ban san abin da likita zai ce da hawan jinina ba. In sayar ne, in sayi fiffiken ne, ko in ci bashi? Kuɗin nata halas ne in taɓa? Ni dai ban ma san tambayar da nake yi miki ba.

Naki,
Mai Rabin Jirgi

Malam Mai Rabin Jirgi,

Na karanta takardarka sau biyu. Ka ce kanka ya kulle a kan kuɗi, amma ni ban ga wahala a lissafinka ba. Amsa huɗu kake samu saboda ka cusa ƙarya a tsakiyarsa kana so ta zauna daidai. Na tambayi wani da ya san aikin, ya ce ƙusa ɗari da arba'in da abin huda su ba za su ci dala ɗari ba, sai dai haƙuri da Asabar uku ko huɗu. Ke nan dubu tara za ka biya don kauce wa hirar rabin awa da matarka. Goge wannan layin yau.

Renae ba ta yi laifi ba, kada ka riƙe ta a rai. Banɗaki da kwanon gida su ne farko. Ka kira ma'aikata su faɗi kuɗinsu, ka ware shi, ka ƙara na magani da na ko-ta-kwana na shekara guda, ka sa a asusun da jirgi ba zai taɓa ba. Abin da ya rage shi ne kuɗin jirgi, ba abin da kake fata ba. Duk farashin da ka rubuta ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku, don masu irin wannan aikin ba su taɓa gamawa a kan abin da suka tsara ba. Kada ka ci bashi. Kada kuma ka sayi inji yanzu ya zauna yana tsatsa. Ka fara ganin likita a kan lasisinka, ka koma wurin malamin tuƙi, ka gama duk aikin jiki da ba ya cin kuɗi sai lokaci. In likita ya hana ka, ka ga jirgin da aka gyara fiffikensa ya fi daraja a kasuwa, kuma ka sayar da dalili na gaskiya. Kuɗin gadonta kuwa nata ne. Tana da ikon ta zuba su a inji in ta ga dama, amma sai bayan ta san duk abin da ka sani. Karɓarsu a yadda ake yanzu bai dace ba.

Akwai abin da ya fi kuɗi ƙaranci a gidanku, shi ne lokaci. Ko komai ya tafi daidai, jirgin nan zai ɗauki shekara biyu. Ka roƙi Delmar ya ɗauki Marlys a nasa jirgin ta ga gonar iyayenta a watan nan, ranar da gari ya yi kyau. Wannan ba zai rage komai a burinku ba, in naku ya tashi sai ta sake gani.

Yanzu ga babbar maganar. Ban san matarka ba, amma ka ba ni labarin macen da take sa ka maimaita ƙusa sau uku, wadda ta daina aiki washegarin ranar da kuka rufe wannan fiffiken, ta yi jajayen ɗigo a littafi, kuma sau uku tana tambayarka ko an leƙa na hagu. Ba ta tambayi na dama ba. Ka ɗauko littafin ka ƙirga layukan da ta ɗiga wa ja, ka gwada da waɗanda Delmar ya nuna maka. Ina kyautata zaton za su zo ɗaya. A ganina ta ji ƙarfen yana kuɓuce mata, ta tsorata, ba ta san sunan abin da ke damunta ba, ta kasa faɗa, kai kuma ka ja tampol ka yi fushi. Shekara takwas tana ɗauke da wannan ita kaɗai, tana kuma shirin zama a kujerar dama. Kana ɓoye mata abin da take jira ka gano ne.

Eh, ta yi kuskure da ta ƙwanƙwasa biyu a kan abin da bai yi ba, kuma a jirgin sama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka ce mata ba komai, ba za ta yarda ba, raini za ta ɗauke shi. Ka dafa kofi, ka ajiye littafin a tsakaninku, ka ce Delmar ya duba na hagu, ɗari da arba'in ne. Ka ba ta haƙuri a kan fushin da ka yi da ƙaryar tarkace. Sannan ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, ko da kuka za ta fara.

In an zo gyara, Delmar ya riƙe ƙarfen, ita kuma ka ja mata kujera ka ba ta tocila da madubin. Hannu ne ya gaza, idonta da tsananinta suna nan. Kowace sabuwar ƙusa ita za ta duba, kuma kada ka wuce zuwa ta gaba sai ka ji ta ƙwanƙwasa sau biyu.

Allah Ya ba Marlys sauƙi, Ya ba ka ƙarfin buɗe baki, Ya tashe ku lafiya Ya sauke ku lafiya. Ka kuma share wa motar baiwar Allah ƙanƙara, ta yi haƙuri da yawa.

Taku,
Anti Verna