Sajan, Muzurun Da Ya Watsa Shagon Aski

Anti, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗaure.

Maigidana mai aski ne, kuma ba don mijina ba ne, hannunsa na da kyau, har daga wasu unguwanni ake zuwa masa. Akwai wani muzuru da ya liƙe wa shagon, kunnensa ɗaya a yage saboda faɗa, shi ya sa ake ce masa Sajan. Kwanaki Sajan ya daina cin abinci, yawu na dalala, baki na wari. Maigidan ya naɗe shi a tsohon tawul ya kai wa likitan dabbobi. Aka gwada jini, aka ce yana ɗauke da wata cuta mai raunana garkuwar jikin kyanwa.

To, Baban yara cikinsa ba ya riƙe magana. Ya dawo yana aiki, kilifa a hannu, kan mutum rabi a aske, aka tambaye shi jikin Sajan, sai ya ce ai ƙanjamau ne irin na kyanwa. Anti, ƙanjamau a shagon aski! Da rabin kai mutumin ya fice. Yanzu benci wayam, sai tsofaffin da ke zuwa hira.

Yayana ya ce a sa Sajan a buhu a yar da shi can nesa. Maigidan ya ce shi ba ya yar da mai rai don ya yi ciwo. Ki gan shi yana tsince ƙayar kifi, yana marmasa masa, yana goge masa baki da auduga. Ina ta masa faɗa, amma wallahi a raina burge ni yake. Ya ce mu dawo da shi gida, na ƙi, don ina da mai rarrafe, ga kuma kyanwata mace. Shago na mutuwa, ni tsoro na cina. Yaya zan yi?

Matar mai aski

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Suna ne ya jawo muku wannan, ba cuta ba. Ƙwayar da ke jikin Sajan ba ta kama ɗan Adam, ko babba ko jariri, ko ta yawu ko ta kilifa. Tsakanin kyanwoyi ma, yawanci ta cizo mai zurfi take yaɗuwa wurin faɗa, ba ta kwanon abinci ba. Kuma ba hukuncin kisa ba ce: da yawa suna yin shekaru garau in sun samu kula.

Amma masu zuwa aski ba wawaye ba ne. Wanda ke tsoron kilifa yana da hujja, kuma ko lafiyayyen muzuru bai dace da tawul ɗin aski ba. Ki karɓi Sajan a gida. A fiɗiye shi, yawo da faɗa za su ragu. Ku haɗa shi da kyanwarki sannu a hankali, kuna lura, in sun ƙi jituwa a raba musu ɗaki. Ban da ɗanyen nama, kuma likita ya riƙa duba dasashinsa. Idan ya yakushi yaro, a wanke da sabulu kamar na kowace kyanwa.

Shi kuma maigida ya bar waccan kalmar, ya riƙa tsabtace kilifa a gaban mutane, ya yi wa tsofaffin nan bayani. Su za su kai maganar inda ba zai iya kai ta ba. Zai ɗauki lokaci, amma gashi ba ya daina tsiro.

Sannan ki rage faɗan, ki gaya masa abin da kika gaya mini. Mutumin da ya yarda bencinsa ya zama wayam don kada ya yar da mara lafiya, kin riga kin san abin da zai yi ranar da ke ce a kwance. Allah Ya bar ku tare, Ya ba Sajan lafiya.