Tambayar da Na Koyo a Asibitin Birnin Kudu

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar tsamiyar da nake fakewa in rana ta take, Yayana Abdulnasir. Assalamu alaikum. Ga gaisuwa mai yawan ganyen darbejiyar ƙofar gidanmu, ta taso daga nan Sara, Allah ya sa ta iske ka a Fatakwal.

Ba zan tambaye ka lafiya ba, don na haddace amsar. Lafiya lau. Ya kasuwa? Alhamdulillahi. Ya gajiya? Babu gajiya. Daga nan sai ka ce caji zai ƙare. Haba masoyina! Tun bayan ƙaramar salla abin da kake ciyar da ni ke nan a waya, lafiya lau safe da yamma, kamar tuwo ba miya. Ina hadiya ne kawai, amma wallahi ba na ƙoshi. In na zauna sai in miƙe, in na ɗauki ɗinki sai in ajiye, ko zaren allura na kasa zurawa.

Ka san na yi jinyar Goggo Hapsatu a asibitin Birnin Kudu. To, a ɗakinsu akwai wata nas 'yar kudu, Hausarta ba ta wuce sannu ba. Kullum da yamma sai ta bi gado-gado tana cewa, "How was your day?" Ni da Turancina ya tsaya tun firamare, sai da wata ɗaliba mai jinyar mahaifiyarta ta fassara min: wai yaya yininki ya kasance. Na ce ashe "ina wuni" ce ta sa takalmi mai tsini. Goggo kuwa, ga ƙarin ruwa a hannu, ga ƙafa a kumbure, ta ce a gaya mata lafiya lau. Ka san me matar nan ta yi? Kujera ta jawo ta zauna, ta ƙi tashi. Ɗalibar na fassara, ita tana jira, har Goggo ta gaji ta fara zazzagewa: ƙafa ta hana ta sakat, abinci ba gishiri, tana kewar awakinta. Ranar na fara ganin Goggo ta yi dariya a kan gadon nan.

A nan na gane ita tambaya take yi, kuma amsa take jira. Mu gaisuwarmu mayafi ce mai kyau, kowa ya yafa ya rufe abin da ke damunsa, kuma ban raina ta ba. Amma tsakanina da kai, ya ruwan farkon daminata, me ya kawo mayafi?

Sai na ɗaura ɗamarar koyo. Kai, harshena ya sha wuya! Nas ta faɗa, in maimaita, ta riƙe ciki tana dariya, ta gyara min. A motar Gwaram ina ta motsa baki har tsohuwar da ke kusa da ni ta ce Allah ya karɓa, ta ɗauka lazimi nake yi. Na gwada a kan ƙannena, na gwada a kan tunkiyar Inna. Sau nawa na kira ka da niyyar in faɗa maka? Da na ji muryarka sai kalmomin su watse, in koma ina wuni, kai kuma ka koma lafiya lau.

Ka tuna ranar kasuwar Gwaram da ruwa ya tsare mu a rumfar mai rake? Ka ba ni labarin yininka kaf, tun daga ƙayar da ta soke ka a gona har faɗan da ka yi da mai faci. Ruwa ya ɗauke, mutane suka watse, kai ba ka gama ba, ni kuma ina roƙon Allah ya sake haɗo hadari. Ina mutumin nan ya shiga? Wa ya ɗauke min shi ya bar min mai amsa gaisuwa?

Bari in daina kewaye-kewaye. Ɗanbala direba ya dawo daga kai kaya, ya ce ya gan ka. Ba a rumfarka ta albasa ba, wai rumfar ta bar hannunka. Ya gan ka da buhu a ka, kana dako, ka rame. Bai gaya wa kowa ba sai ni, ni ma ban gaya wa kowa ba. Na yi kuka, Yayana, amma ba don rumfa ba. Na yi kuka ne don ka zaci budurwar mai rumfa ce ni, ba taka ba.

Jiya Baba ya kira ni, ya ce shirun ya yi yawa, ko har yanzu maganarmu tana nan? Na ce tana nan daram. Na faɗa ba tare da na ji daga bakinka ba.

Saboda haka ga ta a rubuce, tunda baki ya gagara, nas ɗin ce ma ta duba min haruffan: How was your day? Na jawo kujerata na zauna, ba zan tashi ba. Gaya min nauyin buhun, gaya min inda wuyanka ke ciwo, gaya min abin da ka ci da abin da ba ka samu ba. In da hannu biyu kawai za ka dawo, ba ko sisi, ka dawo, hannuwan nake so. Abu ɗaya ne ba zan iya ɗauka ba, in zama baƙuwar da ake ce wa lafiya lau.

Taka, da rumfa ko babu, har ranar da numfashi zai ƙare,
Ummussalma.