Muryarka Ba Ta Cikin Kaset

Baban Zulai,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, babu direban da ke zuwa inda kake. Amma bari in rubuta, shirun ya ishe ni.

Muna nan Maigatari yadda ka bar mu. Inna ta koma Sule Tankarkar wurin yayarka, ciwon ƙafar ya matsa mata. Zulai ta shiga firamare. Gidan kallonka ƙaninka Sabo ne ya riƙe, amma ba ya cika ko ranar Alhamis da kasuwa ke ci. Direbobi da 'yan Nijar sun ce ba za su zauna kallon Turawa suna surutu babu mai fassara ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kullum ina yi maka tsiya, wai magidanci da gemunsa ya zauna gefen talabijin riƙe da makirufo yana maƙe murya kamar tsohuwa. Amma da ka tayar da janareto bayan la'asar, sai in ja kujera jikin katangar da ta raba mu da gidan kallon, in yi kamar ina tsintar shinkafa. Ban taɓa ganin fim ko ɗaya ba, ta bakinka na san mutanen ciki. Wanda na fi so shi ne Baturen Ingilan nan da ka raɗa wa Mai Sanƙo. Ka ce bai taɓa fitowa a jarumi ba, yau mai gadi ne, gobe likita, wani lokaci ɗan sandan da ake yi wa wayo, har muryar kare ya yi a fim ɗin yara. Kana cewa sana'arku ɗaya da shi. Muryar da ka ba shi, mai kauri da ɗan tari a ƙarshe, da ita kake lallashina idan na yi fushi.

Tun da sanƙarau ya ɗauke ka muryar take guduna a hankali. Fuska ina da hoto. Murya kuwa na kwantar da raina tana cikin kaset. A tunanina, shekara da shekaru kana magana a kansa, dole ya riƙe ta yadda tukunya ke riƙe ƙamshin daddawa. Ban tambayi kowa ba.

Makon jiya Zulai ta tambaye ni yaya kake magana. Na buɗe baki in kwaikwaya mata, babu abin da ya fito. Sai na sa Sabo ya shigo da talabijin da bidiyo ɗakina. Kada ka yi mini dariya, har wanka na yi na shafa turare. Na ɗora Zulai a cinya na ce ta kasa kunne.

Mai Sanƙo ya fito, ga sanƙon kuwa yana ƙyalli. Ya buɗe baki, sai wata siririyar murya ta Turanci da ban taɓa ji ba. Na sa Sabo ya ƙara sauti, ya canja kaset, ya sake canjawa. Daga ƙarshe ya sunkuyar da kai ya gaya mini makirufonka da lasifika kawai yake haɗe, babu wanda ya taɓa naɗar muryarka.

Me ya hana ka naɗa ko sau ɗaya? Wanda ko sunanmu bai sani ba, tasa na nan jibge cikin kwali a gidanmu. Kai da ka cika unguwa da taka, ina zan same ta?

Zulai ba ta fahimci bayanin Sabo ba. Yanzu tana yawo tana kwaikwayon Baturen, tana gaya wa ƙawayenta haka Babanta yake magana. Na kasa ce mata a'a, domin ba ni da wata da zan ba ta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Sai mun zo.

Taka,
Hanne